Hayaƙi a Madatsar Garinmu

Ranar da na fara aikin tafinta ba za ta taɓa fita raina ba. A ƙarshen mulkin Faransa ne, ina ƴar lakwal, wato makarantar boko, a Dogon Dutsi, mai kunyar da ko sunana ba na iya faɗa da ƙarfi. Tafintan kumandan ya kwanta ciwo, sai aka sa ni a mota tare da injiniyan da ya zo daga Yamai duba madatsar ruwan garinmu, kusa da Kore Mairuwa.

Ga yadda tsarin yake. Gwamnati na biyan kuɗin dubawa sau ɗaya a shekara, da rani, lokacin da hanya ke da kyau, kuma babu ɗigon ruwa a madatsar. Kuɗin gyara kuwa ba a rubuta su a ko'ina ba.

Kawuna Mayaƙi shi ne gardin wurin, wato mai gadin madatsar. Gafiya ta haƙa rami cikin ginin ƙasar, ga gidajenmu a gangare. In ruwan damina ya bi ramin, mun tafi.

"Ɗiyata, gaya mishi tana yoyo," in ji Kawu.

Na faɗa, idona a ƙasa. Injiniya ya dubi busasshen fili inda awaki ke kiwo, ya ce shi bai ga ruwa ba, balle yoyo.

Kawu bai yi gardama ba. Ya cusa ƙaiƙayi a bakin ramin ya kunna wuta, kamar yadda mafarauta ke yi. Jim kaɗan hayaƙi ya ɓullo ta ɗaya gefen, daidai ƙafar baƙon. Ya yi tari, ya duba takardarsa sama da ƙasa, bakin alƙalaminsa duk a tattaune.

"Mi ya ce?"

"Kawu, wai babu layin hayaƙi a takardar."

"To shi zamna hat damana, shi ga layin ruwa."

Wannan ban fassara ba. Injiniya ya rubuta "lafiya lau", ya ci zabin da aka soya masa, muka koma.

Kafin ruwan farko na damina mutanen gari suka yi gayya, suka tone ramin, suka daɓe shi da laka. Madatsar ta tsaya. Kawu ya samu takardar gargaɗi don ya taɓa aikin gwamnati ba izini. Injiniya kuwa aka ƙara masa kuɗin tafiya, tunda dubawarsa ce ta tsare gari.

Na yi shekaru a biro, ina aikin ofis, bayan haka. Abin da na koya shi ne, in kuka ga an rubuta "lafiya lau", ku tambayi watan da aka rubuta shi.