Garin da na zuba wa kifina

Ni manomin gero ne a ƙasar Turba. Shekarun da damina ta yi ta yanke mana, na koma kiwon tarwaɗa a fadama, kuma ni na fara haƙa ramin kifi a ƙauyenmu. Taubashina, ɗan gwaggona, a hannuna ya koya, ya haƙa nashi kusa da nawa, muna jan ruwa a rijiya ɗaya.

Lokacin da fari ya tsananta rijiyar ta ja baya, ruwan ramukanmu ya yi kauri, kifina suka daina cin abinci. Nashi kuwa sai ƙiba suke, suna walƙiya. Masu sayen kifi daga Isa su wuce ni da sallama kawai, su tsaya wurinshi. Wallahi ko dariyarshi na ji sai ƙirjina ya yi zafi. Na ji labarin wani malamin gona ya haɗa shi da wani gari da ake cuɗawa da abincin kifi, mai ƙwayoyin da ke gyara musu ciki da sinadarin seleniyam mai ƙara musu ƙarfin jiki. Taubashin nawa da kanshi ya same ni, cikin wasan taubasai, ya ce tsohon malami ya zo ɗalibi ya koya mishi awo. Na ce ko kifina za su ƙare ba za ni durƙusa mishi ba.

Ranar kasuwar Isa na sayo garin a ɓoye. Mai shagon ya ce ɗan kaɗan ake sawa, ban saurara ba. So nake nawa su ninka nashi, sai na riƙa zubawa da hannu cike. Ba ruwan da za ni canza musu. Kafin mako ya zagayo suka fara birkicewa, ciki sama, wari ya cika fadama.

Taubashina ne ya shiga ramin har gwiwa yana taya ni kwashe su, bai yi mini wasa ko sau ɗaya ba. Wannan shirun ya fi mini ciwo, don ko a lokacin ina satar kallon raminshi ina jin haushi.

Na gane abin da ke magani a cokali guba ne a tafin hannu. 'Yan'uwa masu kiwo, ku tambayi awo, ko a bakin wanda kuka koya wa sana'a ne. Ni hassada ta hana ni, kuma kifin da bai san komi ba shi ya mutu a kanta.