Ruwan Me Kike Gani?

Mijina mai gyaran agogo ne. Tun kafin mu yi aure yake da ɗan shagonsa a bakin tashar mota, shagon da idan ya miƙe hannu biyu zai taɓa bangon nan da na can. Teburi ɗaya ne, da fitila mai lanƙwasasshen wuya, da gwangwanayen madara cike da ƙananan kusoshi, sai madubin nan da yake maƙalawa a ido ɗaya har ya bar masa shaida a fuska. Duk unguwa Baba Mai Agogo ake kiransa. Ni Malam nake ce masa, idan raina ya ɓaci kuma in ce "kai dai".

Mutum ne da ba ya iya ganin abu a karkace ya wuce. Mun taɓa zuwa dubiya gidan mutane, mara lafiya na kwance yana nishi, shi kuwa ya taka kujera yana gyara musu agogon bango. Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Wayar hannu ta zo ta kashe masa kasuwa, amma har yau sai ya buɗe shagon nan, ko da batir ɗaya zai canza.

Wannan halin ne ya raba shi da Auta, ɗanmu na ƙarshe. Auta ya zauna a shagon yana saurayi, kuma yana da hannu, amma duk agogon da ya haɗa sai uban ya jira ya ba da baya ya sake kwance shi. Ba faɗa, ba zagi, kwancewa kawai. Ran da Auta ya gane, ya ajiye hantsaki ya fita, bai sake komawa ba. Daga nan magana tsakaninsu ta koma "ina kwana" da "lafiya lau". Ko a gida suna falo ɗaya, ni ce gadar: "Mama, ki ce wa Baba abinci ya sauka."

Da Auta ya sami aiki a wani gari mai nisa, komai nasa ya shiga jaka ban da akwatin gilashin kifinsa. Kifi biyar ne, wai su diskos, zagayayyu kamar faifai. Ba a cin su, ba sa aikin komai sai yawo da kallon mutum. Babbansu ja ne mai zane, ni na sa masa Darakta, don ba ya sauri kuma kowa kauce masa yake. Na ɗauka ni za a bar wa wahalar. Sai Auta ya tsaya bakin ƙofa, idonsa a kan takalminsa, ya ce, "Aikin yana son mai natsuwa da kaifin ido. Ko Baba zai riƙa duba min ruwan?"

Malam ya ce, "To." Iyakarta ke nan, amma ranar har waƙa na ji yana yi a banɗaki.

Daga nan duk ƙarshen mako waya za ta yi ƙara, kafin in gama amsa gaisuwa Auta ya ce, "Mama, ba ni Baba." Su yi ta magana a kan ruwa har wayar ta yi zafi. Malam ya sani, ni ma na sani, kifin nan ne kaɗai ya dawo masa da ɗansa. Idan suka mutu a hannunsa, tsoronsa shi ne wayar ta daina nemansa.

To amma ruwan fa, jama'a! Ni a sanina ruwa iri biyu ne, mai kyau da mara kyau. Sai ga Auta yana cewa ruwan famfonmu yana da tauri.

Na ce, "Tauri kamar yaya? Ƙanƙara ce?"

Ya ce, "A'a Mama, farin ɓawon nan da ke kama butar shayi, shi ne. Irin ruwan da sabulu ba ya kumfa a ciki."

"Ka ce zartsi mana! Sai ka tsaya kana juya min kai."

Wannan na gane. Kifin ba sa son zartsi da yawa, don haka sai a haɗa ruwan famfo da tataccen ruwa na jarka, a bari ya kwana, a canza musu kaɗan-kaɗan. Inda kaina ya ɗaure shi ne ɗayan, wai shi pH, ma'aunin tsamin ruwa. Wai idan lambar ta sauka tsami ya hau, idan ta hau tsami ya sauka. Na ce wane mara aikin yi ne ya tsara wannan? A asibiti idan aka ce jinina ya hau, to ya hau ne, ba a ce min ya sauka ba. Na tsoma yatsa na lasa, ban ji tsamin komai ba, ƙarni kawai na ji.

Ana gane shi ne da launi. A ɗebi ruwan a 'yar kwalba, a ɗiga magani, a girgiza, a kara da wani kati mai launuka. Idan ya yi ruwan ƙwai, tsami ya yi yawa. Idan ya yi ruwan bula, ya yi kaɗan. Ruwan ganye ake so. Auta ya ƙara da cewa, "Baba, ko bai zo daidai ba kada ka dame shi, tsalle-tsalle ne ba sa so." Wannan maganar ta shiga ta kunnen dama ta fita ta hagu. Mutumin da minti ɗaya ke hana shi cin abinci za a ce wa ya bar abu ba daidai ba?

Wata safiya ya ɗaga kwalbar ya ce, "Ya yi ruwan ƙwai."

Na leƙa na ce, "Ruwan ganye dai."

"Ruwan ƙwai."

"Malam, ruwan nan ruwan ganye ne."

"Ke ina ruwanki da ruwan? Shekara nawa ina kallon abin da bai kai ƙwayar gero ba, ke za ki koya min gani?"

Gaskiya ni ma na fara shakka. Launukan katin nan kusa suke da juna kamar 'yan uwa ɗaya, ka daɗe kana kallo sai ruwan ido ya kama ka. Bai gaya wa Auta ba, kada ya ce ya gaza. Sai ya je shagon masu sayar da kifi ya dawo da wani farin gari a roba, wai na rage tsami. Na shinshina na ce kanwa ce kawai aka sa wa kaya masu kyau. Ya auna da ƙaramin cokalina ya zuba.

Washegari ya ɗaga kwalba yana murmushi. "Kin gani? Ruwan ganye." Ni kuwa abin da nake gani shuɗi ne sak, irin na rigar 'yan makaranta. Na murza ido na sake kallo. Na ce ko dai ni ce tsufa ya fara taɓawa?

Shi taurin ma da nasa maganin. A yi ta ɗigawa ana ƙirgawa har ruwan kwalbar ya juya daga ruwan lemo zuwa wani launi, yawan ɗigon shi ne yawan taurin. Malam ya yi ta ɗigawa, ni ina cewa ya juya, shi yana cewa da saura. Da ya faɗa wa Auta lambar, yaron ya ce, "Kai! Daga ina wannan taurin ya fito? Baba, ƙara tataccen ruwa." Aka ƙara. Kwalbar tsami ta dawo ruwan ganye a idona, ruwan ƙwai a idonsa. Ya sake zuba gari. Tauri ya sake hawa. Aka sake kinkimo jarka. Falona ya koma kamar wurin wankin mota, bokiti nan, tiyo can, tabarmata kullum a jiƙe, ni kuma ban san wa ake gyarawa ba, wa ake ɓatawa.

Auta ya ce a tura masa hoto. Na ɗauka da wayata a ƙarƙashin ƙwan lantarkin falo, kwalbar ta fito ruwan ƙasa, launin da babu shi a katin gaba ɗaya. Ya ce, "Mama, shayi kika ɗauka?" Na ce ya rabu da ni.

Kifin suka fara nunawa. Darakta ya yi duhu kamar an shafa masa toka, ya matse fukafukansa ya koma lungu bayan hita mai ɗumama musu ruwa. Sauran ma suka bi shi. A zuba abinci, su kalla ya nutse. Malam ya daina zuwa shago da wuri, ya jawo kujera gaban gilashin ya zauna, hannu a haɓa. A waya kuwa sai ya ce, "Suna nan lafiya, ɗan sanyin jiki ne." Abin ya dame ni, don tun da nake da shi ban taɓa jin ƙarya a bakinsa ba. Na ji tausayinsa, na kuma ji haushinsa, har na rasa wanne ya fi.

A kwanakin nan ne abubuwa suka fara haɗuwa a kaina, su ma ba a jere ba. Ya canza ƙwan shagonsa sau da yawa, wai na yanzu ba su da haske. Wani direba ya dawo da agogo yana mita an bar masa kusa a waje. Ya ce min sabon mayafina ya koɗe, alhali ko wanki bai gani ba. Na fara zargin wani abu, amma yaya za ka kalli mai gyaran agogo ka ce masa matsalar ba a ruwa take ba?

Ranar Asabar da safe muka tarar da Darakta a kwance a ƙasan akwatin. Malam ya sa hannu ya ɗauko shi, ya riƙe shi a tafinsa ya daɗe. Ni da nake cewa ba su da amfani, sai ga ni ina share ido da bakin zane.

Na ce, "Kai dai tashi. Ɗebi ruwan nan mu kai wa masu shagon, su ma su gani."

Bai musa ba, abin da ya ƙara tsorata ni ke nan. Matar da ke shagon ta ɗiga maganinta, ta girgiza, ta buɗe baki. "Baba, wa ya ce maka ruwan nan yana da tsami? Ai ya wuce ƙarshen katin ma. Dubi shuɗinsa!" Ta miƙa masa. Ya karɓa ya fita da ita bakin ƙofa cikin rana, ya ɗaga sama, ya rufe ido ɗaya, ya sake rufe ɗayan. Sannan ya juyo a hankali ya ce min, "Ruwan me kike gani?"

Na ce, "Ruwan bula, Malam."

Ya gyaɗa kai. Matar tana ta bayani, wai kada a gyara a rana ɗaya, a riƙa canza kaɗan har lambar ta sauko da kanta, a kuma ɓoye robar garin nan. Ni ce na saurara, rabi na gane rabi ya wuce ni. Muka dawo gida. Ya zauna a kujerarsa, ya ajiye kwalbar a kan gwiwa.

Da la'asar waya ta yi ƙara. Na so in ce yana barci, ya miƙo hannu. Na sa ta a sifika don ni ma in ji, na miƙa masa.

"Baba, ya ruwa?"

"Auta, babban ya mutu." Ya dubi kwalbar. "Ba ruwan ba ne, ni ne. Na yi ta zuba masa gari ban gaya maka ba. Ba na ganin launin nan. Wani hazo ne a idona, komai ya koma rawaya, ko a shago lalube nake. Ka ba ni amana don ido, idon kuma babu." Ya miƙo min kwalbar da wayar tare. "Ga mamanka. Daga yau ita za ka riƙa nema, ita ke gani."

Malam ya riga ya dafa gwiwa zai tashi ya shige ɗaki.

"Mama, mayar masa," in ji Auta. "Baba, tun yaushe? Wane idon ne, ko duka biyun? Kuma kana tsallaka titin tashar nan kai kaɗai?"

Malam ya koma ya zauna. Sai ka ce bai gane tambayar ba. Ya ce, "Sauran huɗun fa, matar ta ce..."

"Baba, bar kifin nan. Kai nake tambaya."

Sai ya riƙe wayar da hannu biyu ya fara ba shi amsa, a hankali, tun daga ranar da ya fara kasa zura kusa a raminta. Ni kuwa ina tsaye tsakiyar falo a kan jiƙaƙƙiyar tabarma da 'yar kwalba a hannu, hawaye na zuba, kuma cikinsu babu wanda ya ko waiwaye ni.