Ɗana Ya Ce Meyo

Kalma ɗaya ɗana ya iya a duniyar nan, ita ma ba ta Hausa ba ce. Meyo, wato "babu" da yaren Sinawa. A bayana ya koye ta, ina goye da shi ina zaga kantunan kaya na Guangyuan, in tambayi wannan launi a ce meyo, in tambayi wancan a ce meyo. Likitoci sun ce yana cikin yaran da ake kira masu galahanga, waɗanda magana da cuɗanya da mutane ke yi wa wuya. Har ya yi wayo bai taɓa cewa Umma ba. Ranar da ya fara furta meyo, babansa har sadaka ya yi a Masallacin Huaisheng. Ka ci abinci? Meyo. Wa ya fasa kofi? Meyo. Mu yi ta dariya.

Da ƙyar muka samo masa wata ƙaramar makaranta ta irinsu, can tsallaken kogi, nesa da Xiaobei inda muke zaune. Wata farar bas ke ɗaukarsu. Wallahi ban taɓa sakin jiki da motar nan ba. Yaron da ba zai ce an doke shi ba, ba zai ce an wuce gidansu ba, ki miƙa shi ga wanda ba kwa jin yaren juna? Amma direban dattijo ne mai haƙuri. Ya san fuskata, ya san kujerar yaron, ya san ba a taɓa masa kai. A makarantar kuwa yaro ya fara riƙe cokali da kansa, ya fara kallon mutum a ido.

Da aka yi hutun sabuwar shekarar Sinawa, dattijon ya tafi ƙauye bai dawo ba, aka sa wani direban, kuma ba wanda ya ga ya kamata a gaya mana. Da safe maigida ne ya saka yaron a mota, yana waya da wani mai kaya daga Kano, ko kallon wanda ke tuƙi bai yi ba.

Da yamma na tsaya bakin lungunmu, ana yayyafi. Masu turin kaya sun jibge kwalaye a inda motar ta saba tsayawa, sai ta tsaya can gaba, wajen da matanmu suka fake wa ruwa, kowacce da hijabi irin nawa. Na hango sabon direban ya juya yana yi wa yaron magana. Daga baya na ji abin da ya tambaye shi: mamarka tana nan ko babu? Ɗana yana kallona ta gilashi, ido cikin ido, ya ba shi amsar da ya iya. Motar ta ja.

Na bi ta da gudu, takalmina ɗaya ya cire, ina ihu da Hausa kamar akwai mai ji. Na kira makaranta, sun tashi. Lambar da ke wayata ta dattijon ce, a kashe. Maigida ya fi ni jin yaren, shi ya yi ta buga waya har ya samu wata malama, ta gaya masa inda motar ke kwana.

Sai bayan magariba muka sami yaron a wurin ajiye motoci. Direban ya gama sauke sauran yara, ya kulle shi a ciki ya tafi cin abinci. Yaron ya yi fitsari a wando, ya ciji hannunsa har jini, goshinsa ya kumbura don buga gilashi. Ba ya ko kuka, wannan ne ya fi min ciwo. Direban ya dawo yana sakace, yana ta nanata wa maigida cewa ai ya tambayi yaron, yaron ya ce babu. Ban san lokacin da na shaƙe masa wuyan riga ba. Na zage shi tas, kuma har gobe ban yi nadama ba.

Masu motar suka ce sun daina ɗaukarsa: yaro zai fasa musu gilashi, uwarsa kuma mafaɗaciya ce. Na gwada kai shi a jirgin ƙarƙashin ƙasa. Da ƙofa ta yi ƙara ya zube a ƙasa yana toshe kunne, mutane suna ɗaukar mu a waya. Tasi kuwa ba farar bas ba ce, ya ƙi shiga. Maigida ya ce ko a mayar da shi Kano wajen Hajiya, kakarsa.

Na ce, "Alhaji, a Kano wa zai san abin da yake faɗa?"

Bai sake tayar da maganar ba. Yaro ya zauna gida, cokalin ma ya daina riƙewa.

Har yanzu da safe yana ɗaukar jakarsa ya tsaya a taga. Bas ɗin tana bi ta titinmu da sauran yara, ba ta tsayawa. Ran nan ya bi ta da kallo har ta sha kwana, sannan ya juyo ya dube ni.

"Meyo," ya ce.

Karo na farko ke nan da ya faɗe ta a inda ta dace.