Biyu Bisa Ashirin

A shekarata ta biyu da fara koyarwa a kwalejin Malanville na kori yaro daga makaranta. Darekta ne ya sa hannu a takardar, amma bakina ne ya kore shi, kuma na san haka.

A lokacin ji nake da kaina ba kaɗan ba. 'Yar masu sayar da albasa ce ni, an haife ni a bayan babbar kasuwa, na tafi kudu na yi karatu, na dawo da Faransanci cike da baki. Tarihi da labarin ƙasa nake koyarwa. In na shiga aji da takalmina mai ƙwas-ƙwas, yara su miƙe su gaishe ni, ni kuwa ko haƙorina ba sa gani. Yadda aka koyar da ni haka nake koyarwa. In yi bayani kaɗan, sannan in ce a buɗe kaye, wato littafin rubutu, in yi ta shifta musu taƙaitaccen darasi suna rubutawa. Su je gida su haddace, ranar jarrabawa su zubo mini shi yadda na ba su. Wanda ya zubo daidai shi ne mai kai.

Dokata ɗaya ce, kuma ba ni na ƙirƙiro ta ba, na dai fi kowa riƙe ta: ba a yare a ajina. Dendi, Hausa, Fulatanci, duk a bar su a bakin ƙofa tare da takalman da suka taka taɓo. Wanda na ji ya yi, sai ya fita ya durƙusa a rana har a kaɗa ƙararrawa. Ni da nake komawa gida in zauna a tabarma ina cin tuwo ina zuba Hausa da innata, a aji sai in yi kamar ban taɓa jin ta ba.

Yaron a bencin ƙarshe yake zama, a aji biyu. Dogo ne siriri, ya girmi sauran da shekara uku ko huɗu, don bai shiga firamare da wuri ba. Ɗan makiyaya ne daga wata ruga a bayan Guéné, yana zaune a gari a gidan wani mahauci abokin babansa. Maimaita ajin yake yi. Ƙa'idar makaranta kuwa a bayyane take: wanda ya maimaita aji, ya sake kasa kai goma bisa ashirin a ƙarshen shekara, ya tafi gida ke nan. Ya san da haka, mu ma mun sani. Kayensa ya fi na kowa tsabta, ya lulluɓe shi da takardar buhun siminti, rubutunsa tsaf kamar an jera ƙwai. Amma ban taɓa jin ya ɗaga hannu ba.

A zango na biyu muka zo darasin da littafi ya kira transhumance, wato tafiyar da makiyaya ke yi da dabbobinsu in rani ya shigo, su dawo da damina. Na shirya taƙaitaccen darasin nan da kyau, ina alfahari da shi. Na zuba masa manyan kalmomin fanni, irin waɗanda sufeto ke so ya gani in ya buɗe kayen yaro. Ina cikin shifta sai na hango dogon yaron ya karkata yana raɗa wa na kusa da shi magana. Na ji Hausa ce. Ban tambayi abin da ya ce ba, na nuna masa ƙofa da alli. Ya fita ya durƙusa a gindin tagar, daga baya ya kwafi darasin a kayen wani.

Da jarrabawar ƙarshe ta zo, na so in nuna ni malama ce ta zamani. Maimakon in ce su kawo ma'anar kalmar, sai na juya tambayar: su bayyana abin da ke sa masu kiwo na yankinmu barin gida da rani. Yawancin yaran sun laluba sun gane darasin da nake nufi, suka zubo shi. 'Yar wani mai shagon yadi, wadda na tabbata ba ta taɓa shafa bayan saniya ba, ta ci sha takwas. Shi kuwa ya cika mini shafi biyu da darasin yanayi: watannin rani, watannin damina, iskar da ke kawo ruwa. Babu kuskuren harafi ko ɗaya, kuma babu kalma ɗaya a kan kiwo. Raina ya ɓaci. Na ja jan layi daga sama har ƙasa, na rubuta cewa ya kauce wa tambaya, na ba shi biyu.

A taron malamai na ƙarshen shekara aka zo kan sunansa. Abin da ya rage masa ya kai goma kaɗan ne, irin wanda akan yafe in malamai sun yarda. Malamin lissafi ya ce a bar shi, yaron yana da kai. Darekta ya juyo gare ni, don makina ne ya ja shi ƙasa. Na gyara zama na ce, da Faransancina mai daɗi, ɗan makiyayin da aka tambaye shi kiwo ya kasa cewa komai, ban ga abin da zama a aji zai ƙara masa ba. Wasu suka yi dariya. Darekta ya ja biro.

Na manta da shi sarai. Hutu ya wuce, aka koma, wani ya gaji bencinsa.

Bayan an gama girbi ƙanwata ta haihu, yayanmu ya ce in raka shi kasuwar dabbobi ta Guéné mu zaɓo ragon suna, don a cewarsa ni ce mai tsegumin gidan, gara a yi da ni. Ya goya ni a babur muka tafi. Yana can yana taɓa ƙugun raguna yana musu da dillali, ni na raɓe a inuwar wata bishiya ina kare hanci da gyale. Sai na ji an ce, “Madan, ina wuni?”

Ban gane shi nan take ba. Malfa a kansa, sanda a kafaɗa, gora a rataye. Ya cire malfar ya rusuna kamar muna aji. Kunya ta ɗan kama ni, sai na rufe ta da surutu. Karo na farko ke nan da na yi masa Hausa. Na tambayi gida, na tambayi shanu, na ce yanzu me yake yi.

“Jibi muna tashi, Madan,” in ji shi. “Tabkunanmu sun ƙahe, karan gonaki ma shanu sun cinye.”

Na ce ina za su. Don in cika shiru na yi tambayar, ba don ina son sani ba.

Sai ya tsuguna, ya share ƙasa da tafin hannu, ya ja dogon layi da bakin sanda. “Ga kogin Kwara nan.” Ya ja wani ya haɗe da shi. “Ga kogin Sota ya gangaro ya zuba ciki. Mu muna nan.” Ya dangwala. Ya ce da can bakin Kwara suke sauka shanu su ci ciyawar burgu, amma yanzu masu shinkafa da masu albasa sun kame fadama, ko wurin shayarwa sai an yi faɗa. Don haka kudu suke yi. Ya nuna mini burtalin da suke bi, da inda suke kauce wa gonakin audugar da ba a gama cira ba, da mashayar da ke riƙe ruwa har tsakiyar rani, da wadda ke yaudarar baƙo ta ƙafe a wata guda. Ya nuna dajin da ba a shiga saboda masu tsaron gandu, da kwarin da ƙudan tsando ke kashe shanu. Ya ce ruwa na riga sauka a kudu, shi ya sa ciyawa ke riga fitowa can, su kuma sai su biyo bayan ruwan a hankali har gida.

Ina tsaye ina kallon ƙasa. Taswirar da ke gabana ta fi wadda na zana a allo daidai. Duk dalilan da na jera a takardar gyarana ga su nan, har da waɗanda ban sani ba. Da ya rubuta rabin wannan, da ban san inda zan rage masa maki ba.

Na ce, “To kai da ka san wanga abu haka, mi yas sa ba ka rubuta mini shi ba ran jarrabawa?”

Ya ɗago ya dube ni. “Wace jarrabawa, Madan?”

“Ta ƙarshe. Wanga da kake hwaɗi, ai shi na transhumance.”

Sai ya miƙe tsaye, ya haɗe ƙafafu, ya sa hannu a baya yadda suke yi in na tashe su a aji, ya fara karanto mini darasin da Faransanci. Tun daga kan take har ɗigon ƙarshe, da muryar hadda, yana tsayawa daidai inda nake tsayawa in ina shifta. Wata takwas da barin darasin, ko kalma bai yar ba. Shanu na kuka a bayansa, dillalai na ihu, wasu Fulani biyu suka tsaya suna kallonmu. Ni kuwa ina jin kalmomina suna fitowa daga bakinsa ɗaya bayan ɗaya, sai a lokacin na lura da abin da ban taɓa lura da shi ba. Babu saniya a cikin darasin nan. Sunan saniya da Faransanci, wanda kowane ɗan firamare ya sani, ban sa shi ko sau ɗaya ba. Babu ciyawa, babu tabki, babu Guéné, babu Sota. Manyan kalmomi ne kawai suke bin juna.

Da ya kai ƙarshe ya ce, “Wanga na?” Ya nuna zanen da ke ƙasa da sandarsa. “Tahiyarmu ta?”

Na gyaɗa kai.

Ya ce shi ya ɗauka wani abu ne da ake yi a ƙasar Turawa. A takardar jarrabawa kalmar rani kaɗai ya gane, kuma a darasin yanayi ya san ta, shi ya sa ya zubo wancan. Ba da fushi yake magana ba, da ma ya yi fushin da ya fi mini sauƙi.

“Ran da kinka hidda ni waje,” in ji shi, “tambaya nai ma na kusa da ni, darasin ga na mi na. Shi ma yac ce bai sani ba.”

Na ce zan je wurin darekta gobe-goben nan. Na ce zan ga babansa, a sake duba maganar, ko a nema masa wata makaranta. Ina ta zuba, har da rantsuwa. Ya saurare ni da ladabi har na gama. Ya ce babansa ya riga ya raba garke, ya damƙa masa rabi, ƙafar tsohon ba ta iya doguwar tafiya yanzu. Kayen ma ya ba ƙanwarsa tana koyon rubutu a sauran shafukan.

Yayana ya kwaɗa mini kira, ya sami rago. Yaron ya mayar da malfarsa, ya gyara sanda. Har ya juya sai ya tsaya, ya sake duban zanen da ya yi, wanda wani ɗan akuya ya riga ya taka gefensa.

“Madan, da na rubuta wanga, nawa za ki ba ni?”

Na ce ashirin.

Ya yi murmushi, ya ce, “To, madalla.” Ya shiga cikin shanu.

Na je wurin darekta washegari kamar yadda na ce. Ya saurare ni, ya buɗe rajista ya nuna mini inda aka rubuta abin da na faɗa a taro, ya tambaye ni ko yaron yana gari. Na ce gobe suke tashi.

Na shekara ashirin da wani abu ina koyarwa bayan wannan. Ban sake shifta kalmar fanni ba sai na tambayi aji yadda ake kiran abin a gidajensu, da Dendi ko Hausa ko Fulatanci, mu rubuta su gefe da gefe a allo. Sufeto biyu sun rage mini maki a kan haka, ban damu ba. Duk shekara in mun zo darasin nan nakan kai yara bakin burtali su ga garke na wucewa kudu. Su suna kallon shanu suna rubutu, ni ina duban fuskokin masu kora su. Ban sake ganinsa ba.