Ranar da Illa Ya Shiga Rumbun Muze

Wata safiya cikin bazarar 1985, a birnin Yamai, Inna ta tsayar da mu a bayan wata katanga ta shafe mu da man gyaɗa tun daga goshi har diddige. Ni ina wajen shekara goma, ƙanena Illa kuwa bai wuce shida ba. Ta sa mana kayan sallarmu na bara waccan, waɗanda suka ɗage mana a ƙafa amma suka yi mana yawa a kafaɗa. Ba kwalliya take nema ba, so take ta ɓoye bushewar fatarmu, don a wannan shekara da fata ake gane wanda yunwa ta koro daga ƙauye. Daga inda muke muna hango ƙofar muze, wato gidan da ake ajiye kayan tarihi da namun daji, jama'a na ta ɗuruwa ciki saboda ranar ba a biyan kuɗin shiga. A gefen ƙofar kuma ga wata koriyar kamiyo, babbar motar soja, bayanta a buɗe, da mutane tsugune a ciki. "Kar wanda ya dubi motar can," in ji Inna. "Kar kuma wanda ya buɗe baki. In an yi muku magana, murmushi kawai." Na ce to.

Mu mutanen Matameye ne, kuma kafin farin da ya kore mu ban taɓa tunanin akwai abin da zai raba mu da gidanmu ba. Gida ne mai dangar kara, da bishiyar bedi a tsakiya inda awakinmu ke kwana, da turmi biyu da Inna ke cewa ɗaya ya fi ni hankali saboda ba ya yawo. Da safe in ɗebo ruwa a rijiya, in share tsakar gida, sannan in ruga lakwal, wato makarantar boko, da allona, inda malaminmu Mushe ke jiranmu da tsumagiya da faransancin da ba ya shiga kaina. Da yamma mu yi carafke a ƙofar gida, ko mu bi masu lambu a korama su ba mu guntun rake. A bayan ɗakin Baba akwai rumbunmu na ƙasa, dogo, mai hular ciyawa a baki. Mace ba ta leƙa rumbun miji a wajenmu, babba kuma ba ya shiga ta wannan ƙaramin baki, saboda haka yaro ake zurawa. Aikin Illa ke nan tun yana ƙarami. Baba zai hau tsani ya ɗage hular, ya kama shi ta hannuwa ya sauke shi ciki, shi kuma ya riƙa miƙo zangarniyar gero yana surutu, muryarsa na amsa-kuwwa. In ya fito, kai duk ƙaiƙayi, tafiya yake kamar shi ya noma hatsin. Ni da ba a taɓa zura ni ba don ni mace ce, haushi ya riƙa ci na.

Daminar da ta wuce ruwa ya yi sau biyu ko uku ya ɗauke. Geronmu ya tsaya iya gwiwa ya ƙone a tsaye. Muka sayar da awaki, muka koma cin anza, 'ya'yan wani itacen daji, wadda sai an jiƙa ta kwana da kwanaki kafin ɗacinta ya fita, kuma ko an jiƙa ɗin ba ya fita duka. Na ga manyan mata da mutuncinsu suna tonon gidan tururuwa suna sheƙe abin da suka samu. Ranar ƙarshe da Baba ya zura Illa a rumbu, mun daɗe ba mu ji motsi ba, can sai muryar ta fito a hankali: "Baba, saura ƙasa." Bayan haka da 'yan kwanaki Baba ya bi hanyar daji ya tsallaka Najeriya, inda ya saba zuwa cin rani, alhali an rufe iyaka. Shiru, babu shi babu saƙo. Da abin ya kai mu ga kwana da ruwan zafi kawai, Inna ta sayar da tasoshinta, ta ɗauke mu muka hau bayan motar kaya zuwa Yamai wurin ƙanenta, Kawu Mamman.

Kawu gadi yake yi a gidan wani babban ma'aikaci, ɗakinsa kuma bai fi shimfiɗar tabarma biyu ba. Maigidan bai san da mu ba. Sai duhu ya yi mu lallaɓa mu shiga, kafin gari ya waye mu fice, mu wuni a gindin wata bishiya kusa da kasuwa, Inna na yi wa matan birni daka da wanki. Lokacin mulkin soja ne, mutane ba sa ɗaga murya ko a cikin ɗakinsu. Abin da kowa ke raɗawa shi ne ana kwashe irinmu daga tituna a kai su sansani bayan gari, inda aka ce ƙyanda da gudawa na ɗibar yara. Ban san iyakar gaskiyar zancen ba, amma na ga wata mata da muke zama tare a gindin bishiyar, wata rana da safe tana nan da 'ya'yanta, da rana sai tabarmarta kawai. Daga nan duk ƙugin babbar mota sai in manne da Inna.

Ana gobe wani bikin gwamnati Kawu ya shigo da dabara. Ya ce gobe ba aiki, ba kasuwa, kuma za a share tituna tas saboda manyan baƙi. "Amma gobe muze kyauta ne," ya ce wa Inna. "Yaya, ku shiga tun da safe cikin jama'a. Akwai inuwa, akwai famfo. Ba a kamun mutum yana kallo. Kar ku fito sai rana ta faɗi." Haka aka yi muka zama 'yan yawon buɗe ido, mu da ko karin kumallo ba mu yi ba.

Muka wuce ƙofar a bayan wani Alhaji mai iyali da yawa, Inna ta manne da su kamar tare muke. Da muka shiga, famfo muka fara nufa, muka sha har cikinmu ya yi tsini. Daga nan Inna ta kafa doka: ba zama. Ta ce masu kallo tafiya suke, wanda ya nemi gindin bishiya ya miƙe ƙafa shi za a gane. Saboda haka muka yi ta zagaye. Ni kam ban ji daɗin komai ba, tsoro kawai nake sauyawa. Muka shiga wani ɗaki mai sanyi inda mutane ke tsaye cikin gilashi da manyan riguna da rawuna, na gaishe su a zuciyata, sai na lura ba sa ƙiftawa. Muka ga ƙasusuwan wata dabba da tsawonta ya fi zauren mai gari. Muka ga kura, wadda warinta ya riga ta isowa, tana kai da komo tana kallon Illa musamman. Zaki ya yi gurnani sau ɗaya, na ji shi a cikin haƙorana. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne dorina, kwance male-male cikin ruwan da zai shayar da unguwarmu gaba ɗaya. Da aka zo jefa wa zaki nama, yaran birni suna tafi, Illa kuwa ya kama ƙarfen kejin yana haɗiyar yawu har Inna ta fizge shi. A kowace kwana kuma akwai soja da bindiga, saboda an ce manya za su zo da la'asar.

Can ƙarshen filin akwai wani wuri da aka gina gidaje irin na ƙabilu, bukkar Fulani, tantin Buzaye, da gidan Bahaushe da turminsa da randarsa da rumbunsa, babu kowa a ciki. Sau biyu muka wuce ta nan, Inna na kawar da kai. Da azahar ta yi, ta samu wani lungu ta ce in riƙe Illa za ta yi salla. Na riƙe shi. Sai ga 'yan lakwal sun zo wucewa a jere cikin kaya iri ɗaya suna waƙar da mu ma Mushe ya koya mana, na saki baki ina bin su da ido ina motsa leɓe. Da na waiwayo, hannuna babu kowa.

Ban taɓa jin tsoro irin na wannan lokaci ba, har yau. Abin da ya fi muni, ba dama in ƙwala masa kira. Inna ta sallame ta dube ni, ba ta tambaye ni komai ba, ta gane. Muka shiga neman yaro da sauri amma muna yi kamar masu kallo, tana yi wa mutane murmushi. Ni wurin kura na fara rugawa, na duba ƙasan kejin ko zan ga takalminsa. Muka leƙa ruwan dorina. Muka koma ɗakin mutanen gilashi. Har bakin ƙofa Inna ta je, ta saci kallon bayan kamiyon, wanda yanzu ya kusa cika. Muna dawowa ta wajen gidajen nan sai na ji wani kuka mai amsa-kuwwa, irin wanda na sani sarai. Daga cikin rumbu yake fitowa.

Akwai wani gungumen itace mai sara-sara jingine da rumbun, hular kuma a karkace take. Illa ya hau, ya zura ƙafa, ya saki jiki yana zaton zai dira a kan dammunan gero, sai ya faɗa har ƙasa. Inna ta kai bakinta jikin ginin tana raɗa, "Illa, yi shiru, ga ni nan, don Allah yi shiru." Shi kuwa sai ƙara ɓarkewa yake. Ta ɗaure zane ta hau gungumen, macen da ba ta taɓa leƙa rumbu ba a rayuwarta, ta zura hannu har kafaɗa, ba ta kai gare shi ba. Kafin ta sauko jama'a sun taru. Wasu na dariya, wasu na magana da Zabarmanci suna nuna mu, wani bature har ya ɗaga abin ɗaukar hoto. Duk man gyaɗar nan da kayan sallar sun tashi a banza, kowa ya ga ko mu su wane ne. Sai taron ya dare, wani soja ya shigo.

Saurayi ne dogo, siriri, fuskarsa a ɗaure. Ya rataya bindigarsa a baya, ya hau gungumen, ya kwance ɗamararsa ya zura ciki, ya daka tsawa da Hausa, "Kama!" Ya jawo Illa sama, ya sauko da shi ya dire a gaban Inna. Yaron ya yi buɗu-buɗu da ƙura da yanar gizo, goshinsa ya kumbura. Sojan ya ce, "Kai, me ka shiga nema?" Illa bai dube shi ba, Inna ya duba, yana shessheƙa ya buɗe tafin hannunsa ya ce, "Inna, wannan ma babu komai." Sojan ya juya ga Inna ya ce, "Ku mutanen ina ne?" Ta ce, "Matameye." Ya ce, "Ku biyo ni."

Tafiyar nan daga rumbu zuwa ƙofa ita ce mafi tsawo da na taɓa yi. Inna ta goya Illa duk girmansa, tana karanta duk addu'ar da ta zo bakinta. Ni fitsari ya zubo mini a ƙafa ban tsaya ba. Muka fito, ga kamiyon, ga waɗanda ke ciki suna kallonmu, har wata tsohuwa ta matsa ta yi mana wuri. Wani soja mai igiya a hannun riga ya sauke murfin bayan motar ya yi mana nuni mu hau. Sai namu sojan ya tare shi da hannu ya ce, "Matar yayana ce, gida zan raka su." Wancan ya dube mu sama da ƙasa, ya daɗe yana duba, sannan ya tofar da yawu ya mayar da murfin. Muka wuce. Sojan ya kai mu har bayan wani masallaci a cikin lungu, ya ce mu zauna a nan kar mu motsa sai magariba. Inna ta durƙusa za ta yi godiya, ya hana ta. Ya dubi Illa, ya ce da irin Hausarmu ta gabas, "Namu ma haka yake, babu komai." Ya juya ya tafi, ba mu ko tambayi sunansa ba. Muna zaune a nan muka ji ƙugin kamiyon ta tashi da waɗanda ba su da mai cewa nasa ne. Inna ta rufe fuska da gyale ta yi kukan da ban taɓa ganin ta yi ba.

Da damina ta faɗi muka koma Matameye, Baba ma ya dawo, a rame amma da ransa. Yanzu Inna da Baba da Kawu duk sun riga mu gidan gaskiya. Illa ya zama magidanci mai furfura, hatsinsa a buhu yake ajiyewa cikin ɗaki mai ƙofar ƙarfe da kwaɗo, kuma ko ya je Yamai ba ya yarda a bi da shi ta wannan titi. Ni na koma sau ɗaya da jikokina, na biya kuɗin shiga da hannuna, muka zauna a inuwa muka miƙe ƙafa son ranmu, ba wanda ya dube mu. Suka sha ruwan leda, suka yi wa zaki gwalo, suka ce sun gaji. Na so ƙwarai a ce Inna na kusa ta ga yadda ake shiga wurin nan don kallo kawai. A hanyar fita na tsaya a gefen ƙofa, inda yanzu masu sayar da lemo ke zama, ina tunanin tsohuwar nan da ta matsa mana. Har yau ban san inda aka sauke ta ba.