Reino Kangas, Mai Gasa Fatsa

Da safiyar Lahadi, huɗu ga watan Mayu, Reino Kangas ya riga mu gidan gaskiya a ɗakinsa mai kallon tafki, a nan arewacin Minnesota, yana da shekara saba'in da tara. Saura 'yan kwanaki a buɗe kamun kifin bana. Duk wanda ya san shi ya san wannan ne kaɗai zai ɓata masa rai a cikin lamarin.

Reino, na karanta tarihin mutanen da suka gina birane da waɗanda suka rushe su, amma ban ga wanda ya ɗauki aikinsa da girma kamar yadda ka ɗauki fentin fatsa ba. Ka narka dalma, ka zuba wa kowace ƙugiya ɗan kai kamar ƙwayar wake. Ka kama ta da filaya, ka ɗumama a kan wuta, ka tsoma cikin garin fenti ka zare da sauri, sai ga garin ya narke ya lulluɓe ta tana sheƙi. Ka buɗe hujin zare da allura, sannan ka rataye su a ɗan tanderun lantarkin da ke garejinka. Ka sha gaya mana cewa fentin da ba a gasa ba ƙarya ne, dutsen farko da ya taɓa a ƙasan ruwa zai tona masa asiri. Na taɓa ce maka kifi bai san bambancin ruwan ɗorawa da ruwan hoda ba. Ka yi mako ba ka yi mini magana ba, sannan na tarar da fatsa shida a akwatin wasiƙuna, duk ruwan hoda.

Ba ka taɓa sayar da ko ɗaya ba. Duk shekara, ranar buɗe kamun kifi, kana tsaye a bakin mashigar tafki da gwangwanin kofi cike da su, kana ba kowa tasa, har baƙin da suka zo daga birni da kwalekwale mai tsada da fuskar da ba ta san gaisuwa ba. Mutane da yawa a garin nan sun kama kifinsu na farko da aikin hannunka, kuma ka tabbatar babu wanda ya manta.

Bana hannun ya ƙi. Tun watan Maris filaya take faɗuwa daga yatsunka, likita kuma ya gaya wa matarka Marlys abin da ya gaya mata. Kai abin da ya dame ka gwangwanin ne, da ba kowa a ciki. Ranar Asabar ɗin ƙarshe ka sa aka tura ka gareji a kujera, lulluɓe da bargo, ka kira ni da tsohon abokinka Duane Solberg, wanda kakanninsa suka zo daga ƙasar Nowe kamar yadda naka suka zo daga ƙasar Finlan, mu zama hannuwanka.

Mun yi ɓarna. Na bar ta farko ta yi zafi da yawa, fentin ya taru ya zubo mata kamar hanci.

"Malam," ka ce, "wannan kifi za ta kama ko mura?"

Duane ya yi dariya har ya manta da hujin tasa, fenti ya toshe shi.

"Kai kuma ɗan Nowe, da me za a ɗaura ta? Da addu'a?"

"Shekara hamsin kana zagina, ɗan Finlan," in ji Duane. "Yau dai ni nake riƙe da filaya."

Zuwa la'asar mun cika wayar da ake rataye su a kai da fatsa, wasu ma suna kama da naka. Muka kunna ɗan tanderun, ya yi ƙara sau ɗaya, ya yi shiru. Duane ya buge shi, ya zage shi, ya duba igiyar wutarsa. Kantin garin ya rufe, sai Litinin.

"To, sai Litinin," na ce.

Ka kalli fatsun da ke rataye, ɗanyu, kuma a karon farko tun da na san ka ban ji ka yi ba'a ba.

Marlys tana tsaye a bakin ƙofa da tire na kofi. Tanderunta na kicin shi ne take gasa burodin coci a ciki, kuma kai da kanka ka koya wa kowa cewa inda dalma ta shiga abinci ba ya sake shiga. Ta ajiye tiren, ta cire wayar fatsun daga hannun Duane, ta nufi kicin da ita.

"Marlys, burodinki fa," ka ce.

"Yi mini shiru, tsoho. Su ci na kanti."

Muka bi ta da kujerarka har kicin. Ka zauna gaban gilashin tanderun kana kallo kamar mai jiran haihuwa, gidan duk ya cika da warin fenti. Da suka huce, ka sa Duane ya ɗauki ɗaya ya jefa a kan simintin baranda. Ta yi tsalle, ta gangara. Ya kawo maka, ka juya ta a tafin hannu kana neman inda ta ɓantare, ba ka samu ba.

"Ba laifi," ka ce. "Ku zuba a gwangwani."

Ranar Asabar mai zuwa Marlys ce za ta tsaya a mashiga da shi. Ta ce wanda ya ga tasa da hanci ya nemi Malam.

Allah ya ji ƙanka, Reino, ya yafe maka kurakuranka, ya sa ka huta a wurin da babu ciwo. Ina miƙa ta'aziyyata ga Marlys, da 'yarku Kaija da jikokinku, da Duane, wanda bai san wa zai zaga yanzu ba. Allah ya ba su haƙurin rashinka, ya ba mu baki ɗaya. Amin.