Gwajin Gwangwani a Maikunkele

Ƙarfe takwas na safiyar wata Litinin, a shekarar da aka fara turo ni koyarwa Maikunkele, muna tsaye a filin makaranta: ni, da hedimasta, da yaran aji ɗaya zuwa shida. Za a yi faretin makarantu a Minna, kuma ni aka ɗora wa zaɓen yarinyar da za ta ɗauki allon sunan makarantarmu a gaban layi.

Ba na aiki da ka. Na tsara gwaji daki-daki. Da farko tsayuwa a ƙafa ɗaya. 'Yan aji ɗaya suka yi ta tangaɗi suna kallon yatsunsu, har suka zube kan juna. 'Yan aji uku suka tsaya, amma sai da suka baza hannuwa kamar masu shanya. Daga aji biyar ne jiki ya san kansa. Bayan haka na ja layi a ƙasa na ce a bi. Na ƙarshe, gwangwanin ruwa a ka.

Yara biyu suka rage: 'yar wani tela daga Tudun Fulani, wadda ta saba ɗaukar farantin gyaɗa tun tana ƙarama, da 'yar wani manomi, Gbagyi, doguwa, marar magana. 'Yar tela ta je ta dawo tana ma taunar cingam. 'Yar manomi kuwa ta ɗora gwangwanin a kafaɗa.

Na ce, "Ke, a ka na ce."

Ta ce, "Malama, mu ba mu sa kaya a kai. Kaka ta hana."

"Kakarki ce malamar ajin nan?"

Hedimasta ya matso ya ce a hankali, "Malama, haka al'adarsu take. Kai na tunani ne, kafaɗa ta kaya."

Na ce, "Ranka ya daɗe, doka ta ce ka."

Dokar ni na yi ta a daren jiya, amma doka ce. Yarinyar ta bi layin da gwangwani a kafaɗa, ko ɗigo bai zuba ba, na kuma mayar da ita layin baya tana haɗiye hawaye.

Ranar fareti kafinta ya kawo allon. Katako ne mai nauyi a kan doguwar sanda, kuma babu inda za a jingina sandar sai kafaɗa. 'Yar tela ta ɗauka. Kafin mu kai bakin fili sunan makarantarmu yana kallon sama, can kuma ya koma yana gaida ƙasa. Malaman wata makaranta suka fara tambaya ko sai sun kwanta za su karanta.

Na bi tsari. Na tsayar da layi, na karɓi allon, na kira 'yar manomi. Ta saɓa shi, ta gyara tsayuwa sau ɗaya. Har muka wuce gaban manyan baƙi allon bai motsa ba. Hedimasta ya yabi idona wajen zaɓe, na kuma karɓi yabon, tunda ni na kira ta.

Har yau ina riƙe da gwajina, bai taɓa kuskuren nuna yaron da jikinsa ya yi ƙwari ba. Roƙona ga mai karatu ɗaya ne: in an ba ka zaɓen yaron da zai ɗauki kaya, ka sa a kawo kayan tukuna, ka ɗaga da kanka ka ga inda suke zama.